Kirkin da Ake Yi a Wasan Bidiyo: Na Mai Wasa Ne ko Na Maƙerin Wasan?

Abinci huɗu ne a hannunsa, bakuna goma suna jira. Rabin tuffa, yankin busasshen nama mai kama da kilishi, da ƙullin biskit da cuku guda biyu. Ɗan yayata ne, saurayi ɗan shekara 19 da ya zo mana hutu, yana zaune bisa tabarma a tsakar gida da waya a hannu, yana buga kashi na biyu na The Walking Dead, wasan da kamfanin Telltale na Amurka ya fitar a 2012. A labarin, wata annoba ce ta sa matattu tashi suna cin rayayyu. 'Yan tsirarun da suka tsira sun fake a wani masauki a jihar Jojiya, abinci ya yi ƙasa, aka damƙa wa jarumin wasan, Lee, rabon na ranar.

Ya ba yara biyun da ke wurin, wannan bai ba ni mamaki ba. Na ukun ne ya sa na gyara zama. Sai ya nufi Larry, wani tsoho mai baƙin rai, wanda a ƙarshen kashi na farko ya naushi Lee ya bar shi kwance matattu na tahowa. Ya miƙa masa naman.

Na ce, "Kai, wannan fa shi ne ya so ya ga bayanka."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Na sani, Kawu. Amma ai dattijo ne, ga shi da ciwon zuciya. Ya za a yi in ci yana kallo?"

Larry dai zane ne, ba ya jin yunwa, ba zai gode ba. Babu wanda zai san abin da yaron ya yi in ban da ni da na leƙa. To wane ne ya yi wannan karamci: yaron, ko mutanen da suka tsara wasan don ya ji haka? Masana sun kwashe shekaru suna wannan gardama, kuma amsar ta fi yadda ake zato sarƙaƙiya.

Dabarar sa wasa ya auna halin mai buga shi ta samo asali tun 1985. Wani matashi Ba'amurke, Richard Garriott, ya riga ya fitar da wasanni uku a jerin Ultima, waɗanda a cikinsu hanya mafi sauƙi ta yin ƙarfi ita ce sata da kisan mutanen gari. Da wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa masa, har daga iyaye, sai ya sauya salo. A Ultima IV babu wani bos, wato babban abokin gaba, da za ka kashe a ƙarshe. Aikinka shi ne ka cika halaye takwas: gaskiya, tausayi, jarumtaka, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u. Akwai makauniya mai sayar da kayan haɗa tsafi, za ta faɗi kuɗi, kai kuma ka rubuta nawa ka ba ta. Kana iya ba ta ƙasa da abin da ta ce, ta karɓa. Wasan ba zai ce uffan ba, amma ya rubuta a ɓoye, sai can gaba ka tarar hanya ta toshe saboda ka cuci makauniya.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki dabarar amma sun fito da ma'aunin fili. Fallout yana da nasa, Red Dead Redemption 2 na 2018 yana da nasa, amma wanda ya fi shahara shi ne Mass Effect na kamfanin BioWare da ke Kanada, wanda ya fara fita a 2007. A nan an raba hanya biyu: Paragon ta sulhu da tausayi, mai launin shuɗi, da Renegade ta gatsali da ƙarfin tuwo, mai launin ja. A Fabrairun 2020 wani tsohon ma'aikacin kamfanin, John Ebenger, ya rubuta a Twitter cewa kusan kashi 92 cikin 100 na 'yan wasan hanyar shuɗi suka bi, yana ma takaicin wahalar da suka sha wajen gina hanyar ja. Alƙaluman da kamfanin da kansa ya fitar a 2013 kan kashi na uku na wasan ba su kai haka ba: kashi 64.5 ne shuɗi, 35.5 ja. Ko wanne ka ɗauka dai, masu kirki sun fi yawa.

Bincike ma ya nuna haka. A 2012 Andrew Weaver da Nicky Lewis na Jami'ar Indiyana sun sa mutum 75 buga farkon Fallout 3, bayan sun cike takardar tambayoyi kan abin da suka ɗauka daidai da kuskure a rayuwa. Mafi yawansu sun yi wa mutanen cikin wasan mu'amala kamar mutanen gaske, kuma zaɓinsu ya yi daidai da abin da suka rubuta a takarda. A 2014 Amanda Lange ta tambayi 'yan wasa sama da 1,000, ta tarar galibinsu hanyar kirki suke bi a bugun farko, mugunta kuwa sai a zagaye na biyu, in ma an yi ta.

Daga nan ne mutane da yawa suke tsalle su ce shi ke nan, an gano ɗan Adam nagari ne, ko an ba shi duniyar da babu hukunci alheri yake zaɓa. Ni ban yarda da wannan saurin ba. Kafin a yaba wa mai wasa, a duba nawa kirkin ya ci masa.

Ɗauki BioShock na 2007. A wani birni da aka gina ƙarƙashin teku, akwai ƙananan 'yan mata da aka mayar ma'ajiyar wani sinadari mai suna ADAM, wanda da shi kake sayen ƙarfi. In ka kama ɗaya, an ba ka zaɓi: ka tatse ta ta mutu ka sami 160, ko ka warkar da ita ka sami 80. A ido, jarrabawa ce ta gaske, rai ko riba. Amma duk yarinya uku da ka ceta, ana aiko maka da kyautar 200 da wasu kayan da mai kisa ba zai taɓa samu ba. Yi lissafi: mai kashe uku yana da 480, mai ceton uku yana da 440 da tsaraba a kai, ga kyakkyawan ƙarshen labari yana jiransa. Bambancin 40 ne kacal. Wanda ya san wannan lissafi ya ceci yaran, ba lallai tausayi ya motsa shi ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Haka abin yake kusan ko'ina. A Red Dead Redemption 2 mai mutunci yana samun rangwame a shaguna. A Mass Effect 2, in rigima ta ɓarke tsakanin mutanenka biyu, ba za ka iya sasanta su ba tare da ɓata wa ɗaya rai ba sai ka tara maki da yawa a launi guda. Ke nan wanda yake auna kowace matsala da hankalinsa, yau sassauci gobe tsanani, shi wasan yake hukuntawa, wanda kuma ya rufe ido yana danna shuɗi daga farko har ƙarshe shi ke cin riba. Ga shi an riga an shafa wa amsar fenti. Jarrabawar da aka ja layi ƙarƙashin amsar daidai, in ɗalibai 92 cikin 100 suka ci, malamin aka gwada.

Fallout 3 ne ya fi ba ni dariya. Akwai wani gari, Megaton, da aka gina kewaye da bam ɗin nukiliya da bai tashi ba. Wani mutum mai suna Burke zai yi maka tayin kuɗi 500, a kuɗin wasan da marfin kwalbar lemo ne, da ɗaki a wani dogon bene, in ka tayar da bam ɗin, saboda maigidansa yana ganin garin yana ɓata masa kallo daga baranda. In ka yi, makin halinka zai faɗi da 1,000. Amma akwai mabarata a bakin wasu garuruwa masu roƙon ruwa mai tsabta, kowace kwalba tana ƙara maka 50. Kwalba 20 ke nan kuɗin gari guda da mutanensa. Ma'aunin da za a iya yi wa wannan ciniki, ai ba hali yake aunawa ba.

Inda maganar take fara nauyi shi ne wasannin da suka cire fentin, suka kuma sa wa kirki farashi. A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan aka kama ni.

Papers, Please wasa ne ƙarami da mutum ɗaya, Lucas Pope, ya ƙera ya fitar a 2013. Kai jami'in shige da fice ne a kan iyakar wata ƙasar kama-karya ta ƙirƙira, Arstotzka, a ƙarshen 1982. Kana zaune cikin ɗan akurkin ofis, mutane suna miƙo fasfo, kana duba hoto da kwanan wata da hatimi, ka buga koren tambari ko ja. Kowane mutum da ka sallama daidai, ana biyanka 5. Agogo yana tafiya, dokoki suna ƙaruwa kullum. In ka yi kuskure, wata na'ura za ta yi ƙara ta turo takardar gargaɗi. Biyun farko a rana kyauta ne, daga na uku sai tara. Da yamma a nuna maka lissafin gida: haya, abinci, dumama ɗaki, magani. Kana da mata da ɗa da suruka da kawu, kuma in kuɗi bai kai ba, kai za ka zaɓi abin da za a haƙura da shi yau.

A rana ta biyar wani mutum ya zo daga ƙasar Antegria, takardunsa cif. Ina buga masa tambari ya ce matarsa tana bayansa, in taimaka mata. Ta shigo, babu takardar izinin shiga. Ta ce in aka mayar da ita kashe ta za a yi. Ni kuwa a ranar na riga na ƙone gargaɗina biyu a kan sakaci, ɗana na cikin wasa ba shi da lafiya, kuɗin magani bai cika ba. Na tsaya hannuna a kan linzamin kwamfuta, na kai minti guda. Na buga ja. Ta tattara fasfonta ta fita, na ce mai bi ya shigo.

Abin da ya dame ni daga baya shi ne dalilin da na ba kaina a lokacin: ai doka ce, ba ni na kafa ta ba. Wannan jimla na sha jin ta ta tagogin ofisoshi, na sha tsine mata a zuciya, sai ga ta ta fito daga bakina a kan tarar 5 ta kuɗin ƙarya. A Mass Effect ni shuɗi ne tun daga farko har ƙarshe, na ceci duniyoyi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

This War of Mine, na kamfanin 11 bit studios da ke Warso a Folan, ya fi wannan tsanani. Ya fita a 2014, an gina shi bisa abin da fararen hula suka gani a ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba, mutanen gari kake riƙe da su a wani rusasshen gida. Da dare ka fita neman abinci. Akwai wani gida da tsoho da tsohuwa suke zaune, suna da abinci da magani, ba su da makami. In ka kwashe, tsohon zai yi ta bin ka ɗaki ɗaki yana roƙo, ba zai iya hana ka ba. Babu makin da zai ragu a allo. Sai dai mutanenka su koma gida cikin baƙin ciki, wani ya kasa aiki, in abin ya yi yawa wani ya kashe kansa. A 2020 gwamnatin Folan ta sa wasan cikin jerin abubuwan nazari na ɗaliban sakandare.

To wanda ya zaɓi mugunta fa? A nan ma ana saurin yanke hukunci, musamman iyaye. Uba zai leƙa ya ga ɗansa a wasan GTA yana bi ta kan mutane da mota, gabansa ya faɗi. Amma mu da muka tashi da tashe mun san yaron da ya manna gemun auduga ya fito a tsoho bai tsufa ba, kuma duk yaron da ya saurari tatsuniya Gizo yake so, maƙaryaci maci amana, ba don yana shirin zama shi ba. Shiga rigar wani daɗaɗɗen abu ne a wasa. Yawancin masu tayar da bam ɗin Megaton so suke su ga yadda zai tashi, sun biya kuɗin wasan, ba sa son rabinsa ya wuce su. Da yawa ma sai sun yi sebin tukuna, wato su adana inda suka tsaya a wasan, su tayar, su kalla, su koma baya su ceci garin. Wannan son gani ne.

Sannan a duba inda ake buga wasan. A gidan gem na unguwa, inda ake biyan kuɗi a kan lokaci, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, yara shida suna tsaye a kanka suna ihu, wa zai tsaya karanta doguwar hira da Turanci don ya auna daidai da kuskure? Abin da zai sa 'yan kallo shewa shi ake yi. Yaron nan da ke ta'adi a gaban abokai, in ka ba shi wasan shi kaɗai a ɗaki da dare, kana iya ganin wani mutum daban. Kafin a ce zaɓi ya nuna hali, sai an san wa ke kallo. Game da fargabar iyaye kuwa, binciken da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein suka wallafa a 2019, kan matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, bai sami alaƙa tsakanin yawan buga wasannin faɗa da yawan rigimar yaro a zahiri ba. Gardamar masana ba ta mutu ba, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Akwai wasa ɗaya da ya ƙi yarda da uzurin son gani. A Undertale na Toby Fox, 2015, ana iya gama wasan ba a kashe kowa ba. In ka kashe wata dattijuwa da ta riƙe ka a farkon labari, ka yi nadama, ka koma sebin ɗinka ka bar ta da rai, wani fure mai magana zai tare ka ya gaya maka ya san abin da ka yi. In kuwa ka bi hanyar kashe kowa har ƙarshe, wasan yana ajiye wannan a cikin kwamfutarka, ko ka sake daga farko ka yi kirki tsantsa, ƙarshen labarin ya gurɓata. Na ji haushin wannan da farko, ina ganin shisshigi ne. Daga baya na fahimci abin da maƙerin ya cire shi ne damar goge laifi, wadda ita ce babban abin da ya raba wasa da rayuwa.

Ni a ganina abin da ya fi zaɓin kansa tona mutum shi ne abin da ya ji bayan ya zaɓa. A 2006 Mel Slater da abokan aikinsa a Landan sun maimaita shahararren gwajin nan na Stanley Milgram na shekarun 1960, inda ake umartar mutum ya riƙa jona wa wani lantarki. Amma su macen da ake jona wa zanen kwamfuta ce, kuma kowa ya san haka. Duk da haka bugun zuciyar mahalarta ya sauya, gumi ya tsatso musu, wasu suka daina kafin a gama. Kai ya san ƙarya ce, jiki bai yarda ba. Tilo Hartmann da abokansa a Amsterdam sun nuna a 2010 cewa kisan da ba shi da hujja a cikin wasa yana haifar da jin laifi, kuma ya fi tsanani ga masu tausayi tun asali. Matthew Grizzard, wanda a lokacin yake Jami'ar Buffalo, ya tarar a 2014 cewa waɗanda aka sa su buga wasa a matsayin 'yan ta'adda sun fi jin laifi, kuma sun fito sun fi damuwa da batun cutarwa da adalci. Sai dai shi ɗin ne kuma ya gano daga baya cewa in ana maimaita wasan kwana da kwanaki, jin laifin yana dusashewa. Wannan sakamako na biyu ba a cika ambatonsa ba, masu kare wasanni sun fi son na farko.

Mutum biyu ke nan za su iya danna madanni ɗaya, ɗaya ya tashi ya kasa cin tuwo, ɗaya ya yi hamma. Alƙaluman kamfani ba sa raba su. Kamfani yana ganin abin da hannu ya yi, niyya kuwa ba ta shiga na'ura.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ma'aunin wa ake amfani da shi? Galibin waɗannan wasanni a Amurka da Kanada da Turai aka rubuta su, galibin binciken kuma a kan ɗaliban jami'o'insu aka yi. Kirki a wurinsu ya fi karkata ga abu biyu, kada ka cutar, kuma ka yi adalci. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Nemi kunya a ma'aunin Mass Effect, ba za ka same ta ba. Ladabi ma haka. Jarumin da ya tsaya gaban manyansa ya gaya musu magana son ransa, sau da yawa wasan tafa masa yake yi. Babban gwajin nan na intanet da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka yi, Moral Machine, wanda aka wallafa a mujallar Nature a 2018, ya tattara hukunci kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233 kan wa motar da ke tuƙa kanta za ta kare in haɗari ya zama dole. An ga fifita yaro a kan tsoho ya fi ƙarfi a wasu sassan duniya, ya kuma yi rauni sosai a rukunin ƙasashen gabas, ciki har da na Musulmi da dama. Ɗan yayata da ya ba Larry nama, wanda zai duba alƙaluma daga nesa yana iya cewa dabara ce ta neman shiri da 'yar tsohon, wadda ita ke riƙe da ragamar tawagar. Ni da nake zaune kusa na ji dalilin, kuma tarbiyyar gidan yayata ce.

Duk wannan a kan zane ne. In mutum ne na gaske a ɗaya ɓangaren, hukuncin ya sauya. A Satumban 2005 wani kuskure a World of Warcraft, wasan da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet, ya sa wata cuta da aka tsara don kogo ɗaya ta tsallaka cikin biranen wasan, tana kashe ƙananan 'yan wasa nan take. Wasu masu ikon warkarwa suka ruga suna taimako, wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya bakin gari suna gargaɗi, wasu kuwa da gangan suka riƙa ɗaukar cutar suna kutsawa cikin taro. Babu wanda ya tsara wannan zaɓi, babu shuɗi babu ja, shi ya sa masana annoba, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka rubuta a kansa a mujallar Lancet Infectious Diseases a 2007. A shekarar 2005 ɗin dai, a EVE Online, wani wasan intanet na jiragen sararin samaniya na kamfanin CCP da ke Aisland, wata ƙungiyar 'yan wasa ta shafe watanni tana cusa mutanenta cikin wata ƙungiyar, suka yi abota, suka sami muƙamai, rana ɗaya suka kashe shugabar a cikin wasan suka kwashe dukiyar da aka ƙiyasta ta haura dala 16,000. Kamfanin bai hukunta su ba, domin dokar wasan ta yarda da yaudara. Masu kare su suna cewa kowa ya shiga ya san dokar, kamar mai shiga dambe ne. Ni dai na kasa haɗiye wannan gaba ɗaya. Jiragen da aka fasa na ƙarya ne, amma watannin da aka yi ana gaisawa ana hira da mutum, shi yana ɗauka aboki ya samu, waɗannan sun faru. Wanda ya tatsi yarinyar BioShock bai ci amanar kowa ba. Wannan kuwa sai an yi doguwar muhawara.

The Walking Dead yana da wata al'ada: a ƙarshen kowane kashi yana nuna maka kashi nawa cikin 100 na 'yan wasa suka yi irin zaɓinka. Masu suka sun daɗe suna cewa yawancin zaɓin nasa na bogi ne. A kashi na farko ana sa ka ceci ɗaya cikin mutum biyu, Doug ko Carley, amma duk wanda ka ceta yana mutuwa a kashi na uku. Gaskiya ne. Sai dai wannan aibin yana da amfaninsa ga mai son sanin hali, domin inda babu lada babu tara, lissafin tuwon gobe ya faɗi.

A ƙarshen kashi na biyun nan, tawagar ta ci karo da wata mota a daji, ƙofa buɗe, cike da abinci, babu kowa. Yarinyar da Lee yake riƙo, Clementine, ta ce ba nasu ba ne. Ɗan yayata ya ƙi ɗauka, ya tsaya gefe da ita, sauran suka kwashe kayan duk da haka. Kwana biyu bayan nan ya kai kashi na biyar, mai motar ya bayyana, iyalinsa sun salwanta bayan satar, ya zo ɗaukar fansa. Yaron ya shigo ɗakina da wayar a hannu, ransa a ɓace.

"Kawu, ni fa ban taɓa kayansa ba. In duk ɗaya ne, me ya sa suka tambaye ni?"

Na ce ya bari in gama abin da nake yi mu yi maganar, ba mu kuma yi ta ba har ya koma makaranta. Da ya dawo hutun da ya biyo baya ya sake wasan daga farko, wai yana son ya gwada ɗaya hanyar. Ya ceci Doug maimakon Carley, ya sauya abubuwa da dama. Da aka iso wajen motar na leƙa ta kafaɗarsa. Lokacin zaɓi yana ta ƙarewa a ƙasan allo, ya bari har ya kusa cika, sannan ya sake komawa gefen yarinyar.